Tambayoyi da Amsoshi kan Daidaita Ruwa da Gyaran Kanal du Midi na Ƙasar Faransa

Kanal du Midi hanyar ruwa ce da aka haƙa da hannu a kudancin Faransa, mai tsawon kilomita 240, daga birnin Toulouse zuwa tafkin Thau da ke bakin Bahar Rum. An fara aikin a 1666 a zamanin Sarki Luwi na 14, ƙarƙashin jagorancin Pierre-Paul Riquet, aka buɗe shi a 1681, watanni kaɗan bayan rasuwarsa. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1996. Yau hukumar hanyoyin ruwa ta Faransa, VNF, wadda aka kafa a 1991, ita ke riƙe da shi. Jiragen dakon kaya sun daina bi, sai na yawon buɗe ido, amma aikin ruwan bai ragu ba.

Tunda ba kogi ba ne, daga ina ruwansa yake fitowa?

Wannan ita ce matsalar da ta hana kowa haƙa kanal ɗin kafin Riquet. Hanyar tana hawa daga Toulouse har zuwa wani tudu da ake kira Naurouze, mita 189 sama da teku, sannan ta gangara zuwa Bahar Rum. Duk ruwan da ke saman tudun gangarowa yake yi, wani gabas wani yamma, kuma babu abin da ke mayar da shi sama. In ba a zuba sabo a can ƙololuwa ba, kanal ɗin zai ƙafe daga tsakiya.

Maganin yana cikin duwatsun da ake kira Montagne Noire, wato Baƙin Dutse, inda ruwan sama ya fi yawa. An haƙa ƙaramar magudana a jikin dutsen, ta fara daga rafin Alzeau, tana tare ƙananan rafuka kamar Lampy a kan hanyarta. Wata magudanar ta biyu, mai kusan kilomita 34, ta ɗauko ruwan ta bi fili da shi har Naurouze. A tsakani aka gina madatsar Saint-Ferréol a kan rafin Laudot, daga 1667 zuwa 1672, mai cin ruwa kusan kubik mita miliyan 6.3. Ita ce rumbun: a tara a lokacin hunturu da ruwa ke sauka, a riƙa ɗiba a lokacin zafi. An ƙara madatsar Lampy tsakanin 1777 da 1782, sannan a ƙarni na 20 aka samu tafkin Ganguise, wanda ke taimaka wa kanal da manoman rani.

Baƙin Dutse ba ya ciyar da dukan hanyar shi kaɗai. Daga wajen Carcassonne zuwa ƙasa ana ƙara ruwa daga koguna irin su Fresquel da Cesse da Orb da Hérault, kowanne da ƙofar ɗibarsa.

Yaya jirgi yake hawa tudu a kan ruwa?

An yanka kanal ɗin zango-zango. Kowane zango ruwansa a kwance yake kamar na kwano, ba ya gudu sai kaɗan. Tsakanin zango da zango akwai ɗakin ruwa, abin da Faransawa ke kira ekiluz: gini ne na dutse mai ƙofa a kowane kai. Jirgi mai hawa ya shiga ta ƙofar ƙasa, a rufe, a buɗe ƙananan tagogin da ke jikin ƙofar sama, ruwa ya cika ɗakin, jirgin ya taso. Sai ruwan ciki da na zangon sama sun yi kai ɗaya ƙofar sama take buɗuwa. Mai sauka kuma a juya abin.

Kowace ƙofa ganye biyu ce da ke haɗuwa a kusurwa, bakin kusurwar yana fuskantar ruwan sama. Nauyin ruwan ne da kansa ke matse ganyayen su rufu gam. Shi ya sa ba a tilasta ƙofa: in akwai bambancin ko da 'yan santimita tsakanin ɓangarorin biyu, injin ko hannun ƙofar ne zai ji jiki. A da da katakon wani itace mai ƙarfi da ake kira oak ake yin su, yanzu galibi ƙarfe ne.

Wanda ya ga ɗakunan wannan kanal zai lura ba su miƙe ba, cikinsu kamar ƙwai yake: tsawo kusan mita 30, faɗi wajen mita 6 a bakin ƙofa, mita 11 a tsakiya. Ba don ado aka yi ba. Bango miƙaƙƙe yana tankwarowa in jiƙaƙƙiyar ƙasar bayansa ta turo shi, musamman lokacin da ɗakin yake fanko. Bango mai lanƙwasa kuwa yana tokare ƙasar kamar yadda bakan ɗaki ke ɗaukar rufi. Akwai wurare irin wannan 63 a kan babbar hanyar, wasu ɗaki ɗaya, wasu biyu ko uku ko huɗu a jere. A Fonseranes kusa da Béziers an jera su kamar matakala, asali don hawan mita 21.5 cikin tazarar kusan mita 300.

Ruwa nawa ke tafiya in jirgi ɗaya ya wuce?

Lissafin ba wuya. A ɗauki tsawo mita 30, matsakaicin faɗi mita 8.5, bambancin sama da ƙasa mita 2.5. Ya kama kubik mita 640 ko kusa da haka, wato lita 640,000, abin da zai cika tankar mai mai lita 33,000 har sau 19. Ko jirgi ɗaya ne a ciki ko huɗu, ruwan da za a zubar kusan ɗaya ne. Kuma jirgin da ya tsallake Naurouze ya ci wa zangon ƙololuwa ciki biyu, ɗaya a hawa ɗaya a sauka.

Sai dai mutane kan ɗora wa jiragen laifin da ya fi nasu. Ruwan da ɗakin sama ya zubar yana shiga zangon ƙasa, ɗaki na gaba ya sake aiki da shi. Wanda yake salwanta gaba ɗaya shi ne wanda rana ta shanye, da wanda ƙasa ta tsotse, da wanda ya tsiyaye ta jinga. A ƙaddara faɗin ruwan mita 20 ne a tsawon kilomita 240, a ranar zafi kuma rana ta sha milimita 5: kubik mita 24,000 ke nan a yini guda, ba tare da jirgi ko ɗaya ya motsa ba. Ga kuma manoman da ke da izinin ja da famfo, kuma buƙatarsu tana kaiwa ƙarshe daidai lokacin da jiragen suka fi yawa, watannin Yuli da Agusta.

Yaya ake riƙe ruwan kowane zango a daidai?

Kowane zango yana da tsayin da aka tsayar masa, ana karanta shi a ma'aunin da ke manne a bango, yanzu kuma har da na'urorin da ke aika karatun kai tsaye. Ragin da aka yarda da shi kaɗan ne, 'yan santimita. Zurfin da aka haƙa asali kusan mita 2 ne, amma laka ta cinye wani abu, don haka in ruwa ya sauka kaɗan ƙasan jirgi zai fara gogar taɓo. In ya hau kuma ya kai wurin da jingar ba ta saba jiƙa ba, inda tsaga da ramukan dabbobi suke.

Ana sakin ruwa daga sama ne, kuma ba ya isowa nan take. Abin da aka buɗe a madatsa sai ya bi magudana kilomita da dama kafin ya kai Naurouze, daga nan ya bi zango bayan zango. Saboda haka mai aikin ruwa nagari buƙatar gobe yake buɗe wa ƙofa, yana duba hasashen yanayi da yawan jiragen da ake sa ran za su bi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne gaggawa: a ga zango ya yi ƙasa, a buɗe da yawa, ruwan ya iso bayan buƙata ta wuce, ya malale ta mafita ya tafi kogi. An yi asarar abin da aka tara wata da watanni.

Gajeren zango da dogo ba halinsu ɗaya ba. Gajere, cikin ɗaki biyu ko uku a jere yana iya sauke shi a ido, sai a ɗan jira ko a sako masa daga sama. Dogo kuwa, kamar wanda ke tsakanin Argens da Fonseranes mai kilomita 54 babu ɗaki ko ɗaya, santimita ɗaya tak a cikinsa ya kai kubik mita 10,800. Ba ya saurin sauka, amma in ya sauka mayar da shi aiki ne na kwanaki. Iska mai ƙarfi ma takan tura ruwansa ya taru a kai ɗaya, ma'auni ya nuna abin da ba haka yake ba a ɗaya kan. Kada a yanke hukunci da karatun wuri guda.

In ruwa ya yi yawa fa?

A wannan yanki yawan ruwa ya fi ƙarancinsa haɗari. A kaka ana samun ruwan sama kamar da bakin ƙwarya a gefen Bahar Rum, rafin da ya wuni busasshe ya kwana yana ɗaukar itatuwa. A 1766 jinga ta ɓalle a Capestang bayan irin wannan ruwa. A watan Oktoban 2018 ambaliyar kogin Aude ta yi wa kanal ɗin ɓarna a wajen Trèbes.

Kariyar farko ita ce mafitar ambaliya: wani sashe na gaɓa da aka gina da dutse, aka rage masa tsayi daidai iyakar ruwan, ta yadda rarar za ta zuba da kanta cikin rafi. Ta Argent-Double da ke La Redorte, wadda aka gina a shekarun 1690, tana da baka 11 da hanyar dawakai ta bi ta kansu. Akwai kuma ƙofofin ƙasa da ake buɗewa da hannu in ana son rage ruwa da sauri. Bayan abin da ya faru a Capestang aka ƙara wata dabara, mafita mai zuƙo: in ruwa ya kai wani tsayi sai ya cika wani lanƙwasasshen rami a cikin ginin, ramin ya kama zuƙo kamar yadda ake jan fetur da tiyo, ba ya tsayawa sai ruwan ya sauka iska ta shiga. Ba ya buƙatar mutum a tsakar dare.

Duk waɗannan ba su da amfani in sun toshe. Reshe ɗaya da ya gicciye ya tara ganye ya isa ya rage mafita da rabi. Share bakin mafita da ramin da ke kai ruwan rafi aiki ne na kafin kaka, ba na ranar hadari ba.

Rafukan da suka gicciye hanyar, ina suke bi?

A farkon gini yawancinsu cikin kanal ɗin suke zuba, su fita ta ɗaya gefen. Sai suka riƙa kawo yashi da laka, har babban tafkin da Riquet ya haƙa a Naurouze ya cike cikin 'yan shekaru aka bar shi. Da injiniyan soja Vauban ya duba aikin a 1686, shawararsa ita ce a raba ruwan kanal da na daji. Aka gina gomman kwalbatoci da ke bi da rafi ta ƙarƙashi, da gadojin da ke ɗauke da kanal ɗin kansa ta saman kogi, irin na Cesse da na Orbiel. Riquet ya riga ya yi ɗaya a Répudre a 1676. Ta kogin Orb a Béziers sai a 1858.

Rafin Libron ya gagari wannan dabara, domin kusan kai ɗaya yake da kanal, ba sama ba ƙasa. A tsakiyar ƙarni na 19 aka yi masa wasu kwaruruka masu tafiya a kan dogo, waɗanda ake jawowa su gicciye kanal in rafin ya kawo, ruwan laka ya wuce ta cikinsu.

Kwalbati shi ne wurin da ya fi ɓoye cuta. In ya toshe, rafi ya taru a bayan jinga ya hau ta. In rufinsa ya tsage, ruwan kanal ya riƙa sulalewa ciki yana jan ƙasa, ba mai gani sai ranar da rami ya buɗe.

Me ake yi a shekarar fari?

Mataki-mataki ake bi. Da farko a tara jirage, a daina cika ɗaki don jirgi ɗaya, mai zuwa ya jira 'yan'uwansa. A kuma haɗa mai hawa da mai sauka, ta yadda ciki ɗaya zai yi aiki biyu. In abin ya ci gaba a rage sa'o'in wucewa, a sauke tsayin wasu zangogi kaɗan don rage tsiyaya ta saman jinga, a sanar da masu manyan jirage. Hukumomin yanki su kan taƙaita ban ruwan gonaki. Rufe hanya shi ne na ƙarshe. Ko an rufe ba a barin zango ya bushe, saboda kifi, da kuma wani dalili da ya fi wannan: yumɓun da ke riƙe ruwa in ya bushe tsagewa yake, ranar da aka mayar da ruwa sai yoyo ya ninku.

Me ya sa ake zubar da ruwan wasu sassa a hunturu?

Akwai gyaran da ba ya yiwuwa sai an ga ƙasa. Kowace shekara ana rufe wasu sassa na makonni, lokacin da jirage suka yi ƙaranci. Ana fara sanarwa tun da wuri don a kwashe jirage. Sai a tare sashen da katakai ko faifan ƙarfe da ake zurawa cikin tsagar bango. Sannan a sauke ruwan a hankali, kuma wannan ba wurin sauri ba ne: jingar da ta sha ruwa, ruwan kanal ne ke tokare ta, in aka janye shi farat ɗaya kafin ta tsane sai gefenta ya zame. Da ruwa ya yi ƙasa masunta su kwashe kifi su mayar wani zango.

Daga nan a duba ƙofa: robar da ke bakin ganye, dokin ƙofar da ganyayen ke jingina a ƙasa, turmin da ƙofar ke juyawa a kai, tagogin ruwa da sandunansu. A bi bango ana neman inda turmin gini ya zube, a cike. Tsohon ginin dutse da farar ƙasa ake gyara shi. Siminti mai tauri yana kulle danshi a ciki, kuma ba ya bin motsin ginin, ƙarshe dutsen ne ke fashewa. A kwashe tarkacen da ke ƙasan ɗaki, don tsakuwa ɗaya a kan dokin ƙofa tana hana ta rufuwa. Mayar da ruwa ma a hankali ne, ana zagawa ana duba bayan jinga.

Yaya ake gane jinga tana yoyo?

Da ƙafa ake ganewa, a bi bayanta. Ciyawa kore shar a tsakiyar busasshiya, ko tsiron fadama inda ba fadama, ko ƙasa mai lotsawa, ko tsaga a kan hanyar gefe, duk alamu ne. In an samu ruwa yana tsattsafowa, a duba launinsa. Garai-garai yana iya shekara a haka, a sa masa ido a riƙa auna shi. Mai gurɓi kuwa ƙasar jingar yake ɗauke da ita, ramin yana faɗaɗa ke nan, kuma wannan na gaggawa ne: a rage ruwan zangon tukuna.

Masu jawo shi sanannu ne. Igiyar ruwan jirgi mai gudu tana cin gaɓa. Wata dabba mai kama da gafiya da aka kawo daga Kudancin Amurka, ragondan, tana haƙa rami daidai bakin ruwa. Saiwar itacen da ya mutu in ta ruɓe takan bar hanya kamar bututu. Ƙaramin yoyo da yumɓu ake toshe shi, a kwaɓa a daddaɓe shi kashi-kashi. Gaɓar da ta zaizaye a kafa mata turaku da katako, a cike bayansu, a dasa tsiron bakin ruwa. Inda jingar take da tsayi kuma akwai gidaje a ƙasa, a kan buga faifan ƙarfe a cikinta.

Ana yashe shi?

Ana yi, sashe-sashe, bayan an auna zurfi. Laka ta fi taruwa a bakin ƙofofin ɗiba da ƙasan ɗakuna da tashoshin jirage. Kafin a kwashe sai an gwada ta, don sanin inda doka ta yarda a zuba. Mai tuƙa injin haƙa kuma dole ya san iyakar lakar da farkon yumɓun asali. In ya zarce, ya huda abin da ke riƙe ruwan.

Me ya sa ake sare itatuwan gefen kanal?

Wannan ne abin da ya fi taɓa zuciyar duk mai son wurin. Kusan dogayen itatuwa 42,000 masu faɗin ganye, waɗanda ake kira filatan, su ne suka yi wa kanal rumfa, yawancinsu dashen ƙarni na 19. Saiwarsu tana riƙe gaɓa, inuwarsu tana rage abin da rana ke sha. A 2006 aka gano wata cutar fumfuna a jikinsu, wadda ke shiga ta rauni ta toshe jijiyoyin itacen ta kashe shi cikin 'yan shekaru. Ba ta da magani. Tana bin ruwa, tana bin saiwar da ta haɗu da ta maƙwabci, tana bin zarto da igiyar jirgi. An riga an sare fiye da rabinsu.

Saran yana da ƙa'ida: a haɗa da na kusa da mai cutar, a ƙone itacen, a wanke kayan aiki da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a kauce wa lokacin sheƙar tsuntsaye. Bayan sara sai an gyara gaɓar, tunda saiwar za ta ruɓe. Dashen da ake yi yanzu gauraye ne, da wani nau'in oak a gaba, don kada cuta ɗaya ta sake share layi guda.

Mai jirgi me zai kiyaye?

Kada ya wuce kilomita 8 a sa'a, kuma in ya waiga ya ga igiyar ruwansa tana dukan gaɓa, ya rage ko bai kai haka ba. Kada ya ɗaure jirgi a jikin itace, ya kafa turkensa. A cikin ɗaki ya riƙe igiya a hannu yana sassautawa, kada ya ƙulle ta, don jirgin da ke sauka zai rataye. Ya matsa gaba daga ƙofar sama, akwai dakalin dutse a ƙarƙashinta da ke kama bayan jirgi. A Fonseranes akwai lokacin masu hawa da na masu sauka, ya duba kafin ya iso. In ya ga ruwa yana juyawa kamar mazurari kusa da gaɓa, ko gefen jinga ya zame, ya lura da lambar kilomitar wurin ya gaya wa mai tsaron ɗaki mafi kusa.